Lokacin da Silima Take Hajar Kanti

Da an ambaci zamanin da fim bai fara magana ba, Charlie Chaplin ne ke faɗo wa mutum a rai, da 'yar sandarsa da ƙaton takalminsa. Amma kafin a san taurari, silima a Amurka sana'ar 'yan tireda ce. A shago aka haife ta, masu shago suka rene ta, kuma da lissafin kanti suka tafiyar da ita.

A watan Yunin 1905 wasu mutum biyu, Harry Davis da John P. Harris, suka gyara wani shago a birnin Pittsburgh, suka jera kujerun da ba su kai ɗari ba, suka sa kuɗin shiga senti biyar. Sunan wannan tsaba a bakin Amurkawa "nikel", shi ya sa aka kira wurin Nickelodeon. Fim ɗin bai fi na minti goma ko sha biyar ba, ana ta maimaita shi daga safe har dare, wasu na fita wasu na shiga. Cikin shekara uku irin waɗannan shaguna sun kai wajen 8,000 a faɗin ƙasar.

Abin da ya ja 'yan kasuwa shi ne ƙarancin jari. Shagon da babu kowa, da farin ƙyalle, da kujeru, da majigi, shi ke nan. Majigin ma ana iya yin odarsa ta gidan waya daga kamfanin Sears, kamar yadda manomi ke odar garma. Kuma ba sai ka sayi fim ba: dillalai sun buɗe wuraren haya, ka karɓa ka nuna kwana ɗaya ko biyu, ka mayar a ba ka wani. Duk wanda ya taɓa sayar da burodi ya san wannan ciniki, domin na jiya ba ya kawo mai saye.

Shi ya sa in ka bi asalin waɗanda suka kafa manyan kamfanonin Hollywood, a bakin kanta za ka tarar da su. Carl Laemmle, wanda ya kafa Universal a 1912, shagon tufafi yake kula da shi a Oshkosh ta jihar Wisconsin, kafin ya buɗe silimarsa a Chicago a 1906. Adolph Zukor fatun sawa yake sayarwa, Samuel Goldwyn safar hannu, Louis B. Mayer kuwa ɗan gwangwan ne, mai sayen tsofaffin ƙarafa, har ya karɓi wani tsohon gidan wasa a Haverhill a 1907. 'Yan gidan Warner 'ya'yan mai gyaran takalmi ne a Youngstown. Ana ba da labarin cewa da suka buɗe tasu silimar a garin New Castle, a wurin wani maƙwabci mai sana'ar shirya jana'iza suka ari kujeru, in an yi mutuwa a garin sai 'yan kallo su sha tsayuwa. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna girman sana'ar a lokacin.

A ƙananan garuruwa ne abin ya fi armashi, don a can silima ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai. Fim ba ya magana, amma zauren bai taɓa yin shiru ba. Dole a nemi mai kaɗa fiyano, kuma sau da yawa matar da ke koya wa yaran gari kiɗa ce, ko mai kaɗa wa coci. Idonta na kan allo, in an fara tsere ta sa sauri, in an zo wurin kuka ta sassauta. Mai majigi da hannu yake juya na'ura, kuma aikinsa na da haɗari, saboda fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi cikin sauƙi. In faifai ya ƙare, kafin a ɗora wani, sai a haska hotunan gilashi a allo: tallar mai sayar da magani, da ta tela, da ta kantin kayan gini, da roƙon mata su cire manyan hulunansu don na baya su samu gani. Ranar Asabar manoma kan shigo gari sayayya, iyali su shiga kallo, su fito su sayi abin da suka ga tallarsa. Mai silima da mai kanti hannu ɗaya ne ke wanke ɗaya.

Finafinan ma sun san masu kallonsu. Fitowar Buster Keaton ta farko, The Butcher Boy na 1917, a kantin ƙauye aka gina labarin, inda rigima ta kai ga jifa da buhunan fulawa. A The Pawnshop na 1916, Chaplin yaron shagon jingina ne: wani ya kawo agogo, ya dudduba shi kamar likita, ya farke shi gunduwa-gunduwa, sannan ya tattara tarkacen ya mayar wa mai shi, wai ba zai karɓa ba. Wannan dariya ba ta buƙatar tafinta ga duk wanda talauci ya taɓa kai shi jingina. A ganina nan ne ƙarfin waɗannan finafinai yake, fiye da na sarakuna da yaƙe-yaƙe da aka kashe wa dukiya.

Da The Jazz Singer ya fito a watan Oktoban 1927, aka ji murya daga allo, sai lissafi ya canza. Na'urar sauti kuɗi ce mai yawa, ƙananan masu silima da dama suka kasa, dubban makaɗa kuma suka rasa abin yi cikin 'yan shekaru. Su kuwa tsofaffin finafinan, aka yi musu abin da ake yi wa hajar da ta kwanta: wasu aka narkar don a ciri azurfar da ke jikinsu, wasu suka ƙone, wasu suka ruɓe a sito. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar marasa sauti sun ɓace.

Wasu kaɗan sun tsira ta hanyar da ba wanda ya shirya. Dawson City, wani garin masu haƙar zinariya a can arewacin Kanada, shi ne zangon ƙarshe na masu haya. Fim kan isa can bayan ya zaga ko'ina, kuma kamfanoni ba sa son biyan kuɗin dawo da shi. A 1929 aka kwashe tarin faya-fayan aka cike wani tsohon ramin ninƙaya da su, aka rufe da ƙasa. A 1978 masu haƙa suka ci karo da su, ƙasar da ke daskare da ƙanƙara ta adana su, aka ceto faifai 533.