Daga Allon Malam Zuwa Allon Gilashi

'Yan uwana mata, a Tungar Guru da allo na fara rubutu, da alƙalamin gamba da tawadar zuge. Malam ba ya bari a wanke allo sai karatu ya zauna a ka.

A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPad, a 2015 ya yi masa alƙalami. Manhajar Procreate ta masu zane ce, GoodNotes kuwa ta rubutun hannu. Na gwada su a na ɗiyata, wallahi akwai daɗi, ba wanki ba gogewa.

Amma da na ce ta biya min darasin jiya, sai ta hau laluben gilashi. To wa ya riƙe karatun, ita ko shi? Iyaye mata, mu riƙa tambaya.