Tarihin Mahaɗin Waya Mai Noti da Layin Ƙarfen da Yake Hawa

Mahaɗin waya mai noti ɗan ƙaramin abu ne da ake haɗa wayoyin lantarki a cikinsa ba tare da an murɗe su ko an narka musu dalma ba. Jikinsa roba ne, a ciki akwai ɗan fallen jan ƙarfe da wuta ke bi, a kowane gefe kuma akwai rami da noti: a fere bakin waya, a tura ta cikin ramin, a ɗaure. Irin wanda masana'antu ke amfani da shi ba a kafa shi kai tsaye a jikin allo. Yana da ƙafa a ƙasansa wadda ke kama wani siririn layin ƙarfe, sai a jera goma, ko ɗari, kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin sarrafa injin masaƙa, ko na famfon gidan ruwa, ko na tashar rarraba wuta, ya ga wannan jeri, kowane ɗaya da lambarsa a goshi. Masu aikin wuta tamina kawai suke ce masa. Asalinsa ƙasar Jamus ne, a shekarar 1928.

Kafin wannan lokaci, allunan sarrafa wuta manyan fallayen marmara ne ko na baƙin dutse. Makunnai da mitoci suna gaba, ƙarafansu a tsirara, wayoyi kuma suna baya, an ɗaure kowace a kan turken tagulla. Daga baya aka samu tubalan tangaran masu ramuka a jere, amma adadin ramukan a ƙayyade yake tun daga gidan gashi. Idan tubali mai gurbi goma ne, goma ɗin ke nan: mai buƙatar sha ɗaya sai ya sayi wani goman, ya huda allo, ya nemo masa wuri. Idan gurbi ɗaya ya fashe, sai a kwance wayoyin tara masu lafiya don a canza tubalin gaba ɗaya.

Wannan ƙunci bai dami kowa ba muddin tashoshin wuta ƙanana ne. A yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfe ta Jamus, abin ya wuce haka. Kamfanin wutar lantarki na RWE, wanda aka kafa a birnin Essen a 1898, ya shafe shekarun 1920 yana shimfiɗa babban layi mai ƙarfin bolt 220,000 daga Brauweiler, kusa da birnin Kolon, zuwa madatsun ruwa na tsaunukan kudu har cikin Ostiriya. Kowace tasha a kan hanyar tana da mitoci, da na'urorin kariya, da fitilun gargaɗi, kuma kowannensu yana jan wayoyinsa siririya zuwa ɗakin sarrafawa. Wahalar manyan wayoyi daban ce. Waɗannan ƙananan yawansu ne matsala, da kuma yadda ake ta ƙara su a kai a kai.

A Essen ɗin akwai wani ɗan kasuwa mai suna Hugo Knümann, wanda ya buɗe kamfaninsa a 1923 yana sayar da kayan wayar sama ta jiragen cikin gari. Kamfanin shi ne ya zama Phoenix Contact na yau. Cikin hulɗarsa da RWE aka fito da dabarar a 1928: a raba tubalin nan mai gurabe da yawa zuwa ɗaiɗaiku, kowane gurbi da jikinsa na tangaran, a jera su a kan sandar ƙarfe guda. Mai buƙatar sha ɗaya ya jera sha ɗaya. Wanda ya fashe a cire shi shi kaɗai.

A nan ya kamata a lura cewa noti ba shi ne sabon abu ba, domin an daɗe ana ɗaure waya da noti. Sabon abin shi ne layin. Shi ya raba aikin haɗa waya da aikin huda allo, ya sa akwatin wuta ya zama abin da ake iya tsarawa a takarda, a ƙara masa a rage masa bayan shekaru. Masu tarihin lantarki sun fi son ba da labarin janareto da taransifoma, amma tashar da ba a iya gane wayoyinta ranar da ta samu matsala ba ta amfanar kowa, komai girman injinanta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya canza wa sana'ar mazauni. Bama-bamai sun faɗa wa Essen, sai kamfanin Knümann ya yi ƙaura a 1943 zuwa Blomberg, wani ƙaramin gari a yankin Lippe. Injiniya Josef Eisert ya shigo kamfanin a 1949, kuma bayan rasuwar Knümann a 1953 ragamar ta koma hannunsa. Ba nisa da nan, a Detmold, kamfanin Weidmüller ya sake kafuwa a 1948. Wannan tsohon gida ne da aka fara a 1850 kusa da Chemnitz a harkar masaƙa, ya baro gabashin ƙasar bayan yaƙi, ya koma ƙera mahaɗan waya masu jikin roba. A 1952 ya fito da jerin da ake kira SAK, wanda ya yaɗu har ana samunsa a tsofaffin akwatuna a ƙasashe da dama. A Minden kuma aka kafa WAGO a 1951. Garuruwan uku duk a lungu guda suke na arewa maso gabashin jihar Nordrhein-Westfalen, kuma gasar da ke tsakaninsu ita ta riƙa tura sana'ar gaba. Akwai kuma Wieland a Bamberg, can kudu, tun 1910.

Sauya tangaran da roba ya zo hawa biyu. Tangaran ba ya ƙonewa, ba ya jin zafi, amma yana da nauyi, yana fashewa, kuma yakan ɗan tsuke wajen gashi, don haka da wuya awonsa ya fito daidai. Robar farko da ta maye gurbinsa irin mai tauri ce, dangin bakalait da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, musamman melamin: ba ta narkewa, sai dai ita ma tana da gautsi. Hawa na biyu shi ne nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1935, ya kuma shigo wannan fanni bayan shekaru masu yawa. Nailan yana lanƙwasa ya dawo. Wannan ya ba da damar a zuba ƙafar mahaɗin tare da jikinsa, ta yadda ana danna shi a kan layi sai a ji ƙas, a kuma ɓamɓare shi da bakin sukundireba. Jikin ya ƙara sirancewa, gurabe da yawa suka shiga wurin da kaɗan ke shiga a da. Har yanzu ana yin na tangaran don wuraren tsananin zafi, kamar gefen tanderu.

Shi kuwa layin, da kowane kamfani ya riƙe nasa awon da dabarar ta tsaya a Jamus. Hukumar daidaita ma'auni ta ƙasar, DIN, wadda aka kafa a 1917, ita ta tsayar da awo guda, shi ya sa a ko'ina ake ce masa layin DIN. Na farko da ya yi fice faɗinsa milimita 32 ne, yankansa kamar harafin G, gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi, don haka ba a iya ɗora mahaɗi a juye. Wanda ya rinjaya daga baya shi ne mai faɗin milimita 35, yankansa kamar malafa a kife, zurfinsa milimita 7.5, ko 15 idan kayan masu nauyi ne. Akwai ƙaraminsa mai milimita 15 don ƙananan akwatuna. Awon mai milimita 35 ya shiga ƙa'idojin Turai da lamba EN 50022, daga nan ya shiga na hukumar lantarki ta duniya, IEC, da lamba 60715. Da masu ƙera bireka da rile da mita suka ga layin ya zauna, sai su ma suka yi wa kayansu ƙafa iri ɗaya. Abin da aka yi don mahaɗin waya ya zama mazaunin kusan duk abin da ke cikin akwatin wuta.

Cikin mahaɗin ya cancanci a duba shi da kyau, domin a nan gwanintar take. Waya da noti ba su jituwa da sauƙi. Jan ƙarfe yana da laushi: idan bakin noti ya sauka a kansa kai tsaye yana juyawa, sai ya yanke silin waya. Kuma jan ƙarfe da aka matse yakan ci gaba da lotsawa a hankali, ga shi yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Da haɗi ya ɗan saki sai wuta ta sha wahalar wucewa, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, har roba ta yi baƙi. Maganin da aka samo shi ne raba aiki biyu. Wuta ta bi fallen jan ƙarfe da aka shafa wa kuza. Matsewa kuma aikin wani ɗan keji ne, galibi na ƙarfe mai tauri da aka shafa wa tutiya. Idan an juya noti, kejin ne ke tasowa ya rungumo wayar ya manna ta da fallen, bakin notin bai taɓa ta ba. An kuma ƙera kejin yadda zai ɗan buɗe in an ɗaure, ya cije zaren notin, don kada jijjigar inji ta kwance shi.

Daga nan ne wasu ƙa'idojin sana'ar suka samo tushe. Ba a shafa wa bakin waya mai sili-sili dalma kafin a ɗaure ta, duk da cewa a ido ya fi kyau, saboda dalma ta fi jan ƙarfe saurin lotsawa. Abin da ake yi shi ne a sa mata ɗan bututun ƙarfe a matse da filaya ta musamman. Ba a kuma ɗaure noti iya ƙarfin hannu: mahaɗi na waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 abin da yake so bai wuce kusan rabin nitin-mita ba, shi ya sa masana'antu masu tsari ke amfani da sukundireba mai awo. Ƙa'idar IEC 60947-7-1 ta ɗaura kowane kauri da ƙarfin wutar da za a gwada shi da ita: amfiya 24 ga 2.5, amfiya 32 ga 4, amfiya 41 ga 6, amfiya 57 ga 10, amfiya 125 ga 35. A lokacin gwajin, zafin mahaɗin kada ya ɗara na ɗakin da fiye da digiri 45. Faɗin na 2.5 ɗin kuwa milimita biyar ne da 'yan kai, ke nan mita ɗaya ta layi tana ɗaukar kusan 190.

Launi ma magana ne. Toka-toka ko ruwan ƙasa na wayar wuta ne, shuɗi na wayar dawowa, kore da rawaya kuma na wayar ƙasa. Wannan na ƙarshe ƙafarsa ƙarfe ce, tana cizon layin, sai layin kansa ya zama hanyar tsira idan wuta ta ɓalle. Da yake yawancin mahaɗan gefe ɗaya a buɗe yake, jikin maƙwabci ne ke rufe shi, na ƙarshen jeri sai an sa masa murfi, sannan a kafa tokari a kowane bakin layi. Akwai gadoji da ke haɗa gurabe maƙwabta, akwai mai fis a ciki, akwai mai hawa biyu ko uku don ƙarancin wuri. Wanda ya fi kusa da asalin sana'ar shi ne na taransifomar awo. Irin wannan taransifoma idan aka buɗe bakinta alhali babbar waya na ɗauke da wuta, takan haifar da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Don haka aka yi mahaɗi mai ɗan sakata: ma'aikaci ya fara haɗe bakin taransifomar da gada, sannan ya ja sakata ya raba mita, ya gwada ta, ya mayar, ba tare da an kashe wa gari wuta ba.

A ƙarshen shekarun 1960 aka ƙirƙiro kwamfutar sarrafa injina a Amurka, bisa buƙatar kamfanin motoci na General Motors. Ta kawar da tarin rile, amma ba ta rage wayoyin da ke shigowa daga filin masana'anta ba. Kowane makunni da kowane ma'auni sai wayarsa ta sauka a kan jerin mahaɗai kafin ta shiga kwamfutar. Dokokin kare ma'aikata kuma suka sa aka nutsar da notin cikin roba yadda yatsa ba zai kai gare shi ba. Amurka kanta ta daɗe tana riƙe da nata salon, dogon tubali mai katanga tsakanin noti da noti, kafin salon Turai ya samu shiga sosai ta hanyar injinan da ake shigo da su.

Babban abokin hamayyar noti shi ne sifirin. WAGO an kafa shi ne a kan wannan tunani tun 1951, sai dai ƙarfen zamanin bai ba da haɗin kai ba, sai a 1977 ya fito da kejin sifirin da ya karɓu. Sifirin yana bin waya yayin da take lotsawa, ba ya buƙatar a dawo a ƙara ɗaurewa, kuma matsinsa ɗaya ne ko gwani ne ya haɗa ko ɗan koyo. Jiragen ƙasa da sauran wurare masu jijjiga sun rungume shi. Daga baya aka samu irin wanda ake tura waya kawai ta kama. A yau duk manyan kamfanonin suna yin ire-iren nan gaba ɗaya, kuma a sababbin injina sifirin ya ci kasuwa mai yawa. Noti bai kau ba: yana da arha, yana riƙe manyan wayoyi da ƙarfi, kowane mai aikin wuta ya san shi, kuma kamfanonin rarraba wuta, waɗanda kayansu kan yi shekara arba'in a bakin aiki, ba sa gaggawar barin abin da suka gwada.

Layin milimita 35 ya iso ƙasar Hausa tare da injinan da aka kafa a unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da tashoshin wuta da gidajen ruwa. Yanzu ya shiga gidaje ta hanyar akwatin bireka, da akwatin sauya wuta zuwa janareto, da na rijiyar burtsatse, da kayan sola. A kayan sola na gida galibi ƙarfin bolt kaɗan ne amma amfiya da yawa, don haka haɗin da bai ɗauru ba yakan yi zafi da wuri. Kasuwa kuma cike take da na kwaikwayo masu siffa ɗaya da na ainihi, waɗanda fallen cikinsu siriri ne, zaren notinsu kuma yakan cinye tun a ɗauri na biyu. Na ƙwarai yana ɗauke da sunan maƙerinsa, da kaurin wayar da yake karɓa, da ƙarfin bolt da amfiya, duk a rubuce a gefen jikinsa.