Tsuntsayen Galapagos: Tsakanin Tatsuniya da Tarihi

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a littattafan kimiyya na makarantu. Wai lokacin da Bature Charles Darwin ya sauka a tsibiran Galapagos, sai ya ga wasu ƙananan tsuntsaye masu baki iri-iri, nan take ya gane cewa kakansu ɗaya, abinci ne ya bambanta su. Labarin da daɗin ji, to amma tarihi bai goyi bayansa ba.

Su dai tsibiran nan suna cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado. Darwin ya isa can a watan Satumba na 1835 cikin jirgin ruwan Beagle, ya yi makonni biyar. Ya tattara tsuntsayen, masu kusan girman gwara, amma bai damu da rubuta tsibirin da ya samo kowannensu ba, domin kuwa ya ɗauka ba su da wata dangantaka da juna. Sai da ya koma Ingila ne, a watan Janairu na 1837, masanin tsuntsaye John Gould ya bayyana cewa dangi guda ne. Dole ta sa Darwin ya nemi bayanan abokan tafiyarsa, ciki har da kyaftin ɗin jirgin, Robert FitzRoy, don ya cike giɓin. Hasali ma tsuntsayen ba su sami wani matsayi a babban littafinsa na 1859 ba. Wanda ya fito da su sarari shi ne David Lack, da littafinsa na 1947, sannan masanin tarihi Frank Sulloway ya warware tatsuniyar a 1982.

Hatta sunan da Turawa suka ba su, wato finci, ya zo da gyara. Binciken ƙwayoyin gado na DNA, musamman na Kevin Burns da abokan aikinsa a 2002, ya nuna cewa 'yan gidan tanaja ne, wani babban dangin tsuntsaye mai jinsi fiye da 370 da ke zaune a ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka. Masana sun ƙiyasta cewa kakanninsu sun ƙetaro teku kimanin shekaru miliyan 2 da suka wuce, suka rarrabu zuwa jinsi kusan 18.

Hujjar da ake jingina wa Darwin kuwa, wasu ma'aurata ne suka samo ta da gumin goshinsu. Peter Grant da matarsa Rosemary sun fara aiki a ɗan tsibirin Daphne Major a 1973, suna kama tsuntsu ɗai-ɗai suna auna bakinsa, suka yi shekaru 40 a kan haka. A 1977 aka yi fari mai tsanani. Ƙananan iri masu taushi suka ƙare, ya rage sai masu tauri, irin na wata ciyawa 'yar'uwar tsidau. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na jinsin da suke bibiya suka mutu, waɗanda suka tsira kuwa galibi masu kaurin baki ne. Da aka auna 'ya'yansu, sai aka tarar bakinsu ya ɗara na baya da kusan kashi 4 cikin ɗari. A 2015 kuma aka gano ƙwayar gado mai suna ALX1, wadda ke da hannu wajen sa baki ya yi tsini ko ya dakushe.

To, tsuntsayen da suka jure wa fari sai ga shi ƙuda na neman ganin bayansu. A 1997 aka fara ganin tsutsar wani ƙuda mai suna Philornis downsi cikin sheƙoƙinsu, ko da yake an tarar da samfurinsa cikin ƙwarin da aka tattara a tsibiran tun 1964. Baƙo ne daga babban yankin Amurka ta Kudu, kuma ana kyautata zaton zirga-zirgar mutane ce ta kawo shi. Ƙudan kan yi ƙwai a cikin sheƙa. Tsutsar ta fara shiga hancin ɗan tsako, in ta girma ta koma ƙasan sheƙa, da dare ta fito ta sha jininsa. Sau da yawa ba ɗan tsako ɗaya da ke tsira. Jinsin da ke zaune cikin itatuwan bakin ruwa a tsibirin Isabela ya ragu har ya koma kimanin tsuntsaye 100.

Masana ba su naɗe hannu ba. A wani gwaji da Sarah Knutie da abokanta suka wallafa a 2014, an ajiye auduga da aka jiƙa da maganin ƙwari, tsuntsayen da kansu suka kwasa suka shimfiɗa a sheƙa, tsutsa ta ragu ƙwarai.

Ga mu marubuta, abin lura shi ne yadda labari mai daɗi ya danne sunayen su Gould da Lack da Grant, ya tara yabo kan mutum ɗaya. Mai rubuta tarihi, na tsuntsu ne ko na garinsu, wajibi ne ya tambayi wa ya gani, yaushe, kuma me ya rubuta a lokacin. Allah Ya sa alƙalumanmu su tsaya kan gaskiya, amin.