Hita Ko Matsi? Nazarin Ƙin Tashin Tsofaffin Motocin Dizal a Lokacin Hunturu: Misali Daga Mercedes-Benz W123

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da ke hana tsohuwar motar dizal tashi da sanyin asuba, inda ta ɗauki injinan OM616 da OM617 na Mercedes-Benz W123 a matsayin misali. An dogara da ƙa'idar aikin injin da ma'aunan da kamfanin ya gindaya wajen fitar da tsarin gano matsala daki-daki. Nazarin ya nuna cewa hita ɗaya ce kawai daga cikin abubuwa huɗu da tashin inji ya rataya a kansu, kuma sauya ta ba tare da awo ba kan rufe ciwon ne na ɗan lokaci.

Muhimman kalmomi: dizal, hita, matsi, batir, nozul, hunturu.

1.0 Gabatarwa

Daga Disamba zuwa Janairu, a garuruwa irin su Jos da Agadas, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. A wannan lokaci ne motar da ta shekara tana tashi da murɗa makulli ɗaya ke komawa sai an tura. Abin da aka fi ji a gareji shi ne "hita ta mutu". Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa lamarin kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. An zaɓi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, domin injinta ba shi da kwamfuta, kowane ɓangare nasa ana iya auna shi da kayan aikin gareji.

2.0 Ƙa'idar Tashin Injin Dizal

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama wuta da kansa da zarar nozul ta fesa shi. A injinan nan biyu, ana matse iskar kusan ninki 21. Sai dai ba a saman fistin ake fesa man ba, ana fesa shi ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan inji. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi, bangon wannan ɗaki kan zuƙe zafin iskar kafin mai ya iso. Aikin hita shi ne cike wannan giɓi: bakinta kan yi jawur, ya haura digiri 800, feshin mai ya taɓa shi ya kama.

Ke nan tashin inji ya rataya a kan zafin hita, da saurin juyin kik, da ƙarfin matsi, da ingancin feshin mai. Da bazara, ukun da ke da lafiya kan rufa wa mai rauni asiri. Hunturu ne ke tona shi.

3.0 Tsarin Gano Matsala

3.1 Hayaƙi. Kafin a ɗauki sifana, a dubi salansa yayin da ake kik. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai na nufin mai yana isa amma ba ya ƙonewa, sai a nufi hita ko matsi. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne bai iso ba, kuma hita ba ta da laifi.

3.2 Batir da kik. Cikakken batir kan nuna folt 12.6. Idan ya faɗi ƙasa da folt 10 lokacin kik, injin zai juya a hankali, iskar ta samu lokacin sulalewa ta gefen zobban fistin, zafi ya tsere. Tsatsar kan batir da sakwarkwacewar wayar da ke haɗa inji da jikin mota kan haifar da irin wannan alama.

3.3 Hita. Nan ne sanin shekarar mota ke da amfani. Motocin da aka ƙera kafin 1980 suna da hita mai lanƙwasasshiyar waya, an jera su a layi ɗaya, wuta na ratsa ta farko zuwa ta ƙarshe. Ɗaya ta tsinke, duka sun mutu, motar ta ƙi tashi sam. Daga 1980 aka koma hita mai siffar fensir, kowace da wayarta daga rile. Idan ɗaya ta mutu, injin kan tashi yana rawa da farin hayaƙi, ya daidaita bayan ɗan lokaci. Lafiyayyar hita irin wannan kan nuna kusan om 1 ko ƙasa da haka a mita, matacciya kuwa ba ta nuna hanya ko kaɗan. Idan duka suna da lafiya amma wuta ba ta zuwa, a duba fiyus mai amfiya 80 da ke cikin akwatin rile, domin yakan tsage ta yadda ido ba ya saurin gani. Kafin a ɗaura sabuwar hita, a kankare gawayin da ya taru a raminta, in ba haka ba zai rage mata zafi da kwana.

3.4 Bawul da matsi. Bawul ɗin waɗannan injina da hannu ake saita su: milimita 0.10 ga na shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi a injin da ba shi da tabo, kuma inji na sanyi. Idan tazarar ta ƙare, bawul ba ya rufewa ruf, matsi ya zube. Bayan saiti ne ya dace a auna matsi. Lafiyayyen inji kan ba da matsin bar 24 zuwa 30, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda bai kamata ya wuce bar 3 ba.

3.5 Mai. Tsofaffin tiyo kan tsage su sha iska cikin dare, mai ya koma tanki. Idan danna famfon hannu ya sa motar ta tashi nan take, an gano ɓarawon. Nozul kuma an tsara ta buɗe a bar 115 a injin da ba shi da tabo. Wadda ta gaji ɗigo take yi maimakon feshi, kuma tana iya ƙona bakin sabuwar hita.

4.0 Tattaunawa

Dabarar da wasu ke yi ta kara tsumma mai fetur ko fesa maganin sauro a bakin iskar inji tana tayar da mota, amma da tsada. Abin da aka fesa kan taɓa hita mai zafi ya fashe kafin fistin ya kai sama, ƙarar ta daki zobba da ɗan ɗakin ƙonewa. Matsin da ake kuka da shi sai ya ƙara raguwa, gobe motar ta buƙaci abin da ya fi na yau.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bin tsari daga hayaƙi zuwa batir, hita, bawul, matsi da mai ya fi sauya kaya da ka, domin kowane mataki yana kawar da zargi kafin a kashe kuɗi a na gaba. Ana ba da shawarar a auna hita da batir, a kuma saita bawul tun a watan Oktoba, kafin iska ta juya. Ba a fafe gora ranar tafiya.