Kamannin Baƙar Fata a Majigi da Silima: Tarihin Kallo a Fagge da Sabon Garin Kano

1. Gabatarwa

Hausawa suna da sunaye uku na hoto mai motsi, kowane suna kuwa da tarihinsa. Na farko shi ne majigi, wanda aka aro daga sunan wata fitilar Turawa mai haska hoto a bango, wadda ake kira magic lantern da Ingilishi. Na biyu shi ne dodon bango, sunan da ke nuna irin tsoro da ƙyamar da mutanen farko suka yi wa abin. Na uku shi ne silima. A bakin mutanen Kano majigi daban, silima daban. Majigi na Gwamnati ne, a fili a kan nuna shi, kuma kyauta. Silima kuwa ta 'yan kasuwa ce, tana cikin shinge, ba a shiga sai an biya.

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda aka nuna baƙar fata a waɗannan wurare biyu. Za a ga cewa silima ta zana shi mutumin daji, majigi kuwa ya zana shi almajirin da ba ya sauke karatu. Za a ga kuma cewa sa'ad da kyamara ta shiga hannun 'yan ƙasa, an yar da wani sashi na wannan gado, an riƙe wani.

2. Inda silima ta sauka

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Daga nan aka tsara garin kashi-kashi bisa ga launi da asali. Birni na Kanawa ne a ƙarƙashin Sarki. Nasarawa ta Turawa ce. Sabon Gari, wanda aka kafa wajen 1913, na baƙi ne 'yan Kudu, akawuna da ma'aikatan reluwe da masu sana'a. Fagge tun da can zango ce ta fatake da Buzaye a bayan ganuwa, daga baya ta cika da Hausawa baƙi, kusa da ita kuma aka ba Kwarori wuri, watau fataken Siriya da Labanan.

A wannan yanki na bayan ganuwa silima ta sauka. A 1937 aka buɗe Rex, gidan silima na farko da aka gina a Kano musamman domin kallo, kuma Kwarori ne suka riƙe wannan ciniki. An ware wasu darare domin Turawa da Larabawa, wasu domin baƙar fata. Ashe ke nan tun kafin a kunna na'ura, tsarin shiga gidan ya riga ya sanar da ɗan kallo matsayinsa.

Malamai da dattawan Birni sun ɗauki silima wurin shashanci, tun da yake tana maƙwabtaka da gidajen giya. A ran 13 ga Mayu, 1951, gidan silima na El Duniya ya kama wuta, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuwa suka ce azaba ce ta sauka. Da aka buɗe Palace a cikin Birni a 1952, an sha rigima. Duk da haka kallo bai tsaya ba. Plaza da Wapa a Fagge, Eldorado da Queens a Sabon Gari, duk sun yi zamani, samarin unguwannin da suka bunƙasa daga baya a kan hanyar Katsina, kamar Rijiyar Lemo, a nan suka koyi kallo.

3. Mutumin daji: baƙar fata a fim ɗin ciniki

Kafin a gina Rex, masu yin fim a Ingila da Amurka sun riga sun gama shawara a kan yadda Afirka za ta bayyana. Misali mafi kusa shi ne Palaver, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a 1926 a ƙasar tsaunukan Bauchi, cikin Surawa da Angasawa. A cikinsa wani Baturen kuza ya ba wani sarki giya, boka ya zuga jama'a, tarzoma ta tashi, sai Di'o ya zo ya kwantar da ita. Mutanen ƙasar ɗaruruwa sun fito a ciki, amma labarin na Turawa uku ne: Di'o, da mai kuza, da wata nas da suke nema.

Wanda ya fi shahara shi ne Sanders of the River na 1935, wanda Zoltan Korda ya shirya daga labaran Edgar Wallace, aka ce a Nijeriya abin ya faru. Paul Robeson, mawaƙi kuma ɗan wasa baƙar fatar Amurka, shi ne ya fito a matsayin Bosambo, sarkin da Bature ya naɗa. Ƙasa tana zaune lafiya muddin Sanders yana nan. Da ya tafi hutu aka baza jita-jitar ya mutu, nan da nan yaƙi ya ɓarke, bai lafa ba sai da ya komo a jirgin ruwa da bindiga mai ruwa. Darasin a fili yake, watau baƙar fata ba ya iya riƙe kansa. Robeson ya shiga aikin da zaton za a nuna martabar Afirka, da ya ga abin da aka haɗa sai ya barranta da shi a bainar jama'a. Cikin waɗanda suka tsaya cika fage a fim ɗin har da wani ɗalibi mai suna Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban Kenya daga baya.

Akwai abin da ya shafi Hausawa musamman. A littattafan Wallace sojan da Sanders ya dogara gare su Hausawa ne, a ƙarƙashin hafsa Bature. Bahaushe a nan ba ya rawa da mashi, an ba shi kaki da bindiga, amma ba a ba shi magana ba, sai amsa umarni. Wannan ya dace da yadda masu mulki suka kasa mutanen ƙasar nan: wasu na biyayya, wasu na daji.

Fina-finan Amurka sun bi wannan hanya. Tun daga Tarzan the Ape Man na 1932, baƙar fata ɗan alaro ne mai ɗauke da akwatin Bature, wanda in ya faɗa kwazazzabo ba a tsayawa makoki. A can cikin Amurka kuwa bara ne ko kuku. Mace baƙar fata ta farko da ta sami lambar Oscar, Hattie McDaniel, a 1940, a matsayin baiwar gida ta same ta. Gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar tace fina-finai a 1933, amma babban abin da ya dami masu mulkin mallaka a ko'ina shi ne kada talakawa su ga Bature yana sata ko Baturiya tana abin kunya. Mutuncin da aka tsare na mai mulki ne.

4. Almajirin da ba ya sauka: baƙar fata a majigi

Majigi yana da uba, shi ne William Sellers, jami'in tsabta a Ikko, wanda ya fara amfani da fim a shekarun 1920 domin yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 aka kafa Hukumar Fim ta Ƙasashen Mallaka a Landan, shi ne kuwa ya jagoranci aikinta. Sellers ya gina aikinsa a kan ra'ayin cewa idon mutumin Afirka da bai yi makaranta ba bai iya karanta hoto ba. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idodi: a tafi sannu-sannu, kada a juya kyamara, kada a tsallake daga wuri zuwa wuri, kada a cika hoto da abubuwa. Wani labari ya yi ta yawo a bakin jami'ai, wai an nuna wa mutanen wani ƙauye fim na tsabta, da aka tambaye su abin da suka gani sai suka ce kaza, wadda ta gilma a gefen hoton. Aka riƙe wannan hujja ce ta ƙarancin fahimta. Mai duba labarin da idon basira zai ga abin da ya nuna shi ne mutanen sun lura da abin da mai ɗaukar hoton kansa bai lura da shi ba.

Motar majigi ta kan tsaya da magariba a ƙofar Sarki ko Hakimi, a kafa farin ƙyalle, a tara jama'a. Yawancin labaran ginin su ɗaya ne: mutum biyu, ɗaya mai hankali, ɗaya wawa. Mai hankali ya kan je asibiti, ya sa takin zamani, ya kai kuɗinsa banki, sai ya yi arziki. Wawa ya kan je wurin boka, ya binne kuɗinsa gara ta cinye. Wannan hoto ya fi na Tarzan mutunci, gama baƙar fata yana da suna da gida da iyali. Amma hankalinsa duka aro ne, ma'aunin wayonsa shi ne yawan bin maganar jami'i. Daybreak in Udi na 1949, wanda aka ɗauka a Gabashin Nijeriya har ya ci Oscar, haka yake: jama'a suna gina gidan haihuwa, amma Di'o ne ginshiƙin aikin.

Ga mai nazarin harshe, mutumin da ya fi muhimmanci a filin majigi shi ne tafinta. Fim ɗin ya kan zo ba magana, ko kuwa da Ingilishi, sai wani Bahaushe ya riƙe lasifika yana bayani. Shi ke zaɓen kalma, shi ke sa karin magana, shi ke sanin inda jama'a za su yi dariya. Ta bakinsa Hausa ta fara shiga hoto mai motsi, kuma ta nan ɗan ƙasa ya fara samun iko a kan ma'anar abin da ake nunawa. Daga baya Jihar Arewa ta yi nata fina-finai da Hausa, kamar Baban Larai na shekarun 1950, mai koyar da noman zamani, wanda dattawa ba su manta da shi ba.

5. Amsar 'yan kallo

Mutanen Fagge da Sabon Gari ba su iya gyara fim ba, amma sun iya zaɓe da kuɗinsu. Tun daga shekarun 1950 Kwarori suka fara kawo fina-finan Indiya, cikin ɗan lokaci kuwa suka mamaye gidajen silima na Arewa. Mother India na 1957 an yi shekaru ana maimaita shi. Dalilin bai ɓuya ba. A nan ne Bahaushe ya fara ganin mutanen da ba Turawa ba suna riƙe da labari daga farko har ƙarshe, da rawani da mayafi, da kunyar surukai, da auren tilas, da talaka mai fama da mai ba da bashi. Sai dai wannan ma madubin aro ne, gama a cikinsa ma hasken fata shi ne alamar kyau.

A Jamhuriyar Nijar amsar ta zo ta wata hanya. Jean Rouch Bafaranshe ya ɗauki Les Maîtres fous a Ankara cikin 'yan ci-rani na Nijar masu borin Hauka, aka nuna shi a 1955, 'yan Afirka da yawa suka ji haushinsa. Ousmane Sembène na Senegal ya zargi irin su Rouch da kallon mutanen Afirka kamar ƙwari. Amma cikin waɗanda suka yi aiki da Rouch aka sami Oumarou Ganda, wanda ya karɓi kyamara da kansa, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972.

6. Kyamara a hannun 'yan ƙasa

An buɗe talabijin a Badun a 1959, a Kaduna a 1962, Jihar Kano kuma ta buɗe tata tashar, CTV 67, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Wasanni irin su Samanja na Usman Baba Pategi suka shiga gidaje. Samanja soja ne, amma ya bambanta da sojan Wallace, domin shi baki ne da shi, abin dariyar ma a cikin Hausar barikinsa yake.

A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, ya zama babban malami, da mahaifiyarsa wadda ta faɗa bauta a garin nemansa. A nan baƙar fata shi ne mai ilmi, shi ne kuma mai ba da labarin kansa, ba a kuwa ɓoye hannun 'yan ƙasa a cikin cinikin bayi ba. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka gyara shi aka nuna a Barlin a 2018. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan masana'antar fim ɗin Hausa ta tashi. A wannan shekara kuma aka fitar da Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Arewa daga littafin Joyce Cary na 1939, mai ba da labarin akawu baƙar fata da ke ƙaunar Baturensa har ajalinsa.

7. Kammalawa

Samun kyamara ya kawar da ɗan alaron Tarzan daga idon mutanen Kano, amma bai kawar da tsarin mai hankali da wawa ba. A fina-finan Kudu an daɗe ana nuna Bahaushe maigadi ne mai gurɓataccen Turanci. A fina-finan Hausa kuma an daɗe ana mai da baƙauye da Bagwari abin dariya saboda lafazinsu, ana kuma fifita mai hasken fata a matsayin tauraruwa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka akwai aiki a gaban malaman kwalejojin horon malamai. Ya kamata a koya wa ɗalibai karatun hoto kamar yadda ake koya musu karatun littafi. In an nuna musu fim, tsoho ko sabo, a tambaye su wanda ya riƙe kyamara, da wanda aka ba magana, da irin Hausar da aka sa a bakin kowa, da wanda aka bari ba suna. Ya kamata kuma sassan nazarin Hausa su ɗauki maganar dattawan Fagge da Rijiyar Lemo da Sabon Gari da suka zauna a bencin Plaza da Eldorado, gama yawancin gidajen nan an rufe su, abin da 'yan kallo suka ji a ransu kuwa ba a rubuta shi a fayil ɗin Razdan ba.