Sunan Fodiyo da Marubutansa

Turawa suna da al'ada ta sunan gida, wanda ɗa ke gāda daga uba har jikoki. Mu kuwa galibi da sunan uba ko na gari ake kiranmu. Amma akwai wani suna a ƙasarmu da ya bi zuriya, watau Fodiyo.

Asalinsa laƙabi ne, ma'anarsa da Fulatanci malami. Da shi aka san Malam Muhammadu, mahaifin Shehu Usman. An haifi Shehu a Maratta, ƙasar Gobir, cikin 1754, ya rasu a Sakkwato cikin 1817. Ya wallafa littattafai masu yawa, cikinsu har da Ihya'us Sunna. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya yi tafsirin Alƙur'ani, sa'an nan ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don koya wa masu mulki adalci. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri cikin 1812, wanda daga cikinsa muke samun labarin jihadi. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata.

To, ku 'yan makaranta, ku lura. Yaƙi da sarauta sun ɗaukaka gidan nan, amma tun kafin su da karatu aka san shi, kuma littattafan nan ne har yanzu ke hannun almajirai. Wanda ya gaji suna, ya gaji aikin da ya kawo sunan.