Cokalin Katako: Tarihin Kurar Baya a Gasar Zari-Ruga ta Ostireliya

Marubuta tarihin wasanni sun saba bin sawun zakaru: wa ya ɗaga kofi, a wace shekara, da ci nawa. Ni kuwa ƙasan teburi nake so mu leƙa, domin a ganina sunayen da ke can sun fi bayyana yadda kuɗi ya juya akalar wasan zari-ruga mai 'yan wasa goma sha uku a Ostireliya.

A ƙasar, duk ƙungiyar da ta zama kurar baya akan ce ta ci "cokalin katako". Hukuma ba ta ba da shi, laƙabi ne kawai na ba'a. Asalinsa daga Jami'ar Kambirij ta Ingila ne, inda ɗalibai kan miƙa ƙaton cokali ga wanda ya tsallake jarrabawar lissafi da maki mafi ƙanƙanta. Al'adar ta kau a 1909, amma sunan ya zauna a filayen wasa.

Shi kansa wasan rigimar kuɗi ce ta haife shi. A 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield, saboda an hana biyan 'yan wasansu, ma'aikatan haƙar kwal da masaƙu, diyyar lokacin aikin da suke rasawa. Da wasan ya isa Sidni aka fara gasa a 1908, ƙungiyar Cumberland ce ta fara riƙe wutsiya, kuma daga wannan kaka ba a sake ganin ta ba.

Babu labarin da ya fi taɓa ni kamar na ƙungiyar Jami'ar Sidni, wadda ta shiga gasar a 1920. Ɗalibai ne da ba sa karɓar ko sisi, suna karawa da waɗanda ake biya. Da an goge ɗan wasa sai ya kammala karatu ya kama gabansa. Duk da haka sun kai wasan ƙarshe a 1926, inda South Sydney ta doke su. Daga 1934 zuwa 1936 kuwa an lallasa su sau 42 a jere, suka janye bayan kakar 1937. Ba ƙwazo suka rasa ba. Wasan ya riga ya zama sana'a, su kuma suna yin sa don sha'awa.

Parramatta ta sha irin wannan ɗaci, sai dai mahaƙurci mawadaci. Ta shigo a 1947, ta riƙe cokalin shekara shida a jere daga 1956 zuwa 1961. A hankali unguwannin yammacin Sidni suka cika da jama'a, ƙungiyar ta samu magoya baya da abin hannu, har ta lashe kofi a 1981 da 1982 da 1983. Abin lura shi ne gasar ba ta da tsarin jefa ta ƙarshe zuwa ƙaramin rukuni, don haka mai rauni kan samu lokacin jinya.

Western Suburbs ce ta fi kowa tara cokula, har 17. Ita ce kuma ta tabbatar da cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya: ta ƙarshe a 1933, zakara a 1934, zakara a 1952, ta ƙarshe a 1953. Da aljihunta ya bushe, hukumar gasar ta nemi korar ta a 1983, sai da kotu ta cece ta. Bayan ta sake zama kurar baya a 1998 da 1999, ta haɗe da Balmain aka samu Wests Tigers.

Daga baya cokalin ya zama bulala. An ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, don kada mai kuɗi ya saye dukkan gwanaye. Canterbury na saman teburi a 2002 aka gano ta ƙetare iyaka, aka zaftare mata maki 37, ta faɗo ƙasa. A 2010 aka ƙwace wa Melbourne Storm kofunanta na 2007 da 2009, aka sa ta ƙarasa kakar ba tare da maki ko ɗaya ba. Ɗaliban Sidni rashin kuɗi ya kai su ƙasa, waɗannan biyu kuwa kashe shi a ɓoye.

Saboda haka nake ganin bai kamata mai nazari ya tsaya ga yi wa ta ƙarshe dariya ba. Ya fara tambayar nawa ake biyan 'yan wasanta, su wane ne ke zaune a unguwarta, kuma wace doka ce ke aiki a shekarar. Amsoshin sukan nuna cewa an rubuta rabin sakamakon tun kafin alƙali ya hura usur.